Kujerar Mai Labule

Motar Bakanike mutum biyar take ɗauka, kuma kujerar baya ta hagu ta matata ce. Tun da ta rasu ni nake zama a kanta.

Ba ni na nema ba. Bayan masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Sista ta zo karɓar wani labule da matata ta ɗinka mata ba ta kai ga miƙawa ba. Sista tsohuwar nas ce, ƙawar matata tun suna 'yan mata, kuma a rayuwarta ba ta koyi roƙo ba, umarni kawai ta iya. Ta dube ni, ta dubi kofunan da suka yi kwanaki a kan tebur, ta ce, "Kamus, ranar Asabar akwai sabon fim. Kujerar Mai Labule babu kowa. Ka yi aski."

Kamus ni ne, saboda a laburare na yi aiki har na yi ritaya. Mai Labule matata ce, saboda sana'arta ke nan. Rabin tagogin unguwarmu ita ta rufa musu asiri.

Fina-finan na jarumai ne, irin waɗanda kamfani ɗaya yake ta haifowa, kowanne riƙe da jelar ɗan'uwansa. Mai tashi sama na wannan fim zai leƙo a wancan ya ce sannunku, mugun da aka binne bara ya fito bana da sabuwar riga. Duniya ɗaya ce wai, kuma duk bayan 'yan watanni sai ta kusa tashi. Ban taɓa raka matata ba. Takan fita ta bar ni da littafi, ta dawo da ƙamshin gugguru a jikin mayafinta tana ba ni labarin wanda ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Nakan tambaye ta ko fasinjojin sun isa inda za su.

Sai da na shiga motar na gane ba kallo kawai suke zuwa yi ba. Kowannensu yana da jaruminsa, sun raɗa masa sunan da suka ga dama, ba na kamfani ba. Idan an tashi daga fim sai su hau bene, shagon shayin da ke saman silimar, su zauna a teburin kusurwa, kowa ya kare nasa. Ko jarumin ya rusa asibiti ne, mai shi zai gyara zama ya ce, "Nawa ya yi daidai," sannan ya kawo dalili. Da wannan maganar ake buɗewa, babu wata.

Na Bakanike wani ƙato ne da ke mayar da abu mai nauyi marar nauyi, suna ce masa Mai Sauƙi. Na Sista tagwaye ne mata, idan an sari ɗaya, ɗayar ce ke jin zafin. Lauya ya zaɓi Maƙaryaci, wanda duk ƙaryar da ya yi takan zama gaskiya na ɗan lokaci, kuma ya rantse ba don sana'a ba ne. Ta biyar ɗinmu, Mai Tabarau, wadda ke auna wa mutane ido a wani shago kusa da tasha, ta zaɓi wanda ba a gani.

Ta matata ita ce Mai Ƙofa. Wata mata ce da ta fara manyanta, da makulli rataye a wuya. Ba ta da fim nata na kanta, ba a sa ta a hoton talla. Idan abu ya caɓe takan fito daga wani lungu, ta buɗe ƙofa a jikin iska, jaruman su yi ta wucewa da gudu zuwa inda ake yaƙin, tana taɓa kafaɗar kowanne. Ita ba ta wucewa. Takan tsaya a baya ta rufe. Bayyanarta ba ta kai tsawon shan kofin ruwa, amma an ce mini a teburin shayi matata ce ke fin kowa daɗewa tana magana.

Dokoki biyu ne a tafiyar, duka matata ce ta kafa su. Ta farko, wanda ba shi da kujera a mota ba shi da kujera a tebur, domin idan an wuce biyar shayi yana hucewa kafin na ƙarshe ya gama. Ta biyu, wanda jaruminsa ya mutu, a fim na gaba ya zaɓi wani ko ya sauka ya ba wani wuri. Ta kafa wannan ne saboda wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya shafe zama uku yana makokin wani jarumi mai fukafukai, har mutane suka fara jin tsoron Asabar. Ita da kanta ta sallame shi, kuma ta aika masa da labule.

Da na gaji kujerar na gaji Mai Ƙofa. Ni kuma ba na zuwa muhawara da kai fanko. Na zauna a falo na kalli tsofaffin duka, daga na farko, ashirin da wani abu, da rana tsaka, kamar mai shan magani. Mafi yawansu hayaniya ce da aka sa wa riga. Amma na san matar nan mai makulli fiye da yadda na san maƙwabcina.

Ba fim ɗin ne ke fitar da ni daga gida ba, motar ce. Ɗana yana kira daga inda yake aiki, ya ce Allah ya jiƙan Mama, ya tambayi hawan jinina, ya ajiye. Maƙwabta suna rage murya idan za su ambace ta, kamar tana barci a ɗaki na gaba. A motar Bakanike kuwa zaginta ake yi. Ita ta karya abin ɗaga gilashin baya ta ce haka ta same shi. Tana barci idan ana dambe, ta farka idan an fara magana, sannan ta yi gardama a kan damben. Tana satar guggurun Lauya da hannun hagu tana nuna masa allo da na dama. Ina zaune a kujerarta, gwiwata tana gugar bayan kujerar direba, ina jin labaran wata mata mai rashin ji da na zauna da ita shekara da shekaru ban san rabinta ba. Babu wani wuri a duniya da ake yi mini wannan.

A fim na biyu da na kalla tare da su, Mai Ƙofa ta mutu. Wani abu ya biyo jaruman daga can, ta ga idan ta rufe daga waje zai ɓalle, sai ta shiga ta rufe daga ciki. Jaruman suka yi tsaye, aka kaɗa ɗan kiɗa mai sanyi, sannan Mai Sauƙi ya ce yunwa yake ji. A tebur ranar babu wanda ya ambaci doka. Sai da za a sauke ni Lauya ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kana da lokaci har fim na gaba. Ka duba a hankali, jarumai suna da yawa."

Akwai mai jira. Ƙanin Bakanike, likitan haƙori, ya daɗe yana zuwa silimar da kansa ya zauna a layin bayanmu, idan an tashi ya gaishe mu ya tafi. Mutumin kirki ne. Na tsane shi daidai gwargwado.

Fim na gaba ya zo a wata Asabar mai zafi. Bakanike ya yi ham a ƙofar gida, na fito, na ja ƙofar motar da ƙarfi domin ba ta buɗewa da lallami.

"Baba Kamus, an yi zaɓe?" in ji shi, yana kallona ta madubi.

"Ana kan ƙirga ƙuri'a."

"Ni na samo maka," in ji Lauya daga gaba. "Tsohon nan mai karanta littafin da ke cin wuta. Kamarku ɗaya. Shi ma tun da aka fara ba a ga haƙorinsa ba."

"Yana lanƙwasa kunnen shafi. Ba zan kare mai lanƙwasa kunnen shafi ba."

"To yarinyar nan mai magana da tsuntsaye," in ji Mai Tabarau a hankali.

"Me tsuntsu ya taɓa faɗa?"

Suka yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Na lura duk suna cikin nishaɗi, har Sista, wadda ke gefena tana fifita da tikitocinmu. Na ɗauka murnar rabuwa da ni ce, kuma ban ga laifinsu ba.

"Da Mai Labule ce," in ji Bakanike, "da tuni ta zaɓi mugun, don kawai ta ɓata wa Lauya rai."

"Ai ta taɓa yi," in ji Lauya. "Ranar da ta ce wanda ya so ƙone duniya yana da hujja, tunda ya ga yadda ake ajiye mota a bakin kasuwa."

Ban taɓa jin wannan ba. Na juya ina kallon titi ta gilashin da ba ya sauka, ina maimaita maganar a raina don kada ta zube kafin in kai ta gida.

Fim ɗin irin na kullum ne. Sama ta tsage, wani abu mai ido da yawa ya leƙo, jarumai suka yi faɗa da juna saboda rashin fahimta, sannan suka shirya suka yi faɗa da shi. An rushe gada, an rushe wani dogon gini da ban ga alamar akwai mai shara a cikinsa ba. Tagwayen Sista suka sha sara. Maƙaryaci ya ce shi kifi ne, ya zama kifi, duk ɗakin ya yi dariya. Wanda ba a gani ya yi wani abu, in ji Mai Tabarau. Da aka zo inda ake buƙatar ƙofa sai suka hau wani jirgi, kuma babu wanda ya ce uffan game da matar da ta saba buɗe musu. Na ji daɗin wannan, ta wata fuskar. Aƙalla sun yi irin ta mutane.

Sanyin ɗakin ya shiga gwiwata. Na duba jaruman ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba takalma a kasuwa, kowanne da kyau, babu wanda zan iya sawa.

Aka fara jero sunayen waɗanda suka yi aikin, farare a kan baƙi. A irin waɗannan fina-finan ba a tashi, domin bayan sunayen kamfanin yakan jefo wani ɗan guntu, kamar ƙashin da ake jefa wa kare don ya dawo gobe. Muka zauna. Sista ta daina fifita.

Allon ya yi haske. Wani ɗakin girki, jaruman suna cin abinci da raunukansu. Sai aka ji ƙarar makulli. Ƙofa ta buɗe a jikin iska, wata mata ta fito. Fuskar ce, babu ko tantama, har da ɗan tabon da ke gefen gira. Ta tsallako ta shigo tsakiyar ɗakin, makullin yana lilo a ƙugunta, ta dube su ta ce, "Su wane ne ku?" Ƙofar tana buɗe a bayanta, ana hango wata duniyar mai wata biyu a sama. Allon ya yi baƙi.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Wasu samari a gaba suka miƙe tsaye. Sista ta damƙe hannuna da irin damƙar da take yi wa mai gudun allura.

A teburin kusurwa Lauya bai ma jira shayi ba.

"Kotu ta zauna," in ji shi. "Doka ta ce wanda jaruminsa ya mutu. Jarumar Kamus, kowa ya gani da idonsa, tana tsaye a kan ƙafafunta tana tambayar mutane sunayensu. Saboda haka babu zaɓe, babu sauka. Kotu ta tashi. A kawo shayi."

"Ƙanina zai ci gaba da cire haƙora," in ji Bakanike.

Aka kawo shayin. Bakanike ya fara, ya ce nasa ya yi daidai da ya jefa motar bas, domin ya duba babu kowa a ciki, kuma birkinta dama ya mutu, daga ƙararta ya gane. Sista ta ce nata sun yi daidai, sai dai ɗaurin raunin da aka yi musu ko ɗalibar shekarar farko ba za ta yi shi ba. Lauya ya kare kifin da dogon bayani. Mai Tabarau ta ce nata ya yi daidai, kuma wanda ya ce bai yi ba ya nuna mata inda ya gan shi.

Suka juyo gare ni. Kalmomi huɗu ake jira, tawa ta yi daidai, daga nan ko karatun farashin albasa na yi za su tafa.

Na ce, "Wannan ba ita ba ce."

Lauya ya ajiye cokali. "Ranka ya daɗe, 'yar wasan ɗaya ce. Sunan da aka rubuta ɗaya ne. Kamfanin da kansa ya ce ita ce, daga wata duniyar."

"Kamfanin zai ce kakarsa ce idan hakan zai cika kujeru."

"Baba," in ji Bakanike, "idan na sauya wa mota inji, ai motar ce dai. Lamba ɗaya, fenti ɗaya."

"Idan kuma ta daina gane hanyar gidanka fa?"

"Mota ba ta gane hanya."

"Shi ya sa ba a kuka idan ta mutu."

"Ni na yi wa motata ta farko kuka," in ji shi, amma babu wanda ya taya shi dariya.

Na ce, "Kun kalla, ko gugguru kuka je ci? Makullinta a wuya yake, da hannu biyu take cire shi. Wannan a ƙugu ta rataye shi kamar mai gadin sito. A fim ashirin da wani abu ba ta taɓa tsallake bakin ƙofa ba sai ranar da ta mutu. Wannan ta shigo har tsakiyar ɗaki. Waccan ta san kafaɗar kowa. Wannan ta ce su wane ne ku. Kuma ta bar ƙofa a buɗe." Na ji muryata ta hau fiye da yadda nake so, na sauke ta. "Ta bar ƙofa a buɗe ta juya mata baya. Ku ce mini matar da kuka sani za ta yi haka."

"Za ta koya," in ji Lauya. "A fim na gaba za su ba ta labari, ta saba da su."

"To a fim na gaba za a samu wata mata da aka ba wa labari."

Mai Tabarau tana juya kofinta a kan faranti. Ba ta cika magana ba, idan za ta yi takan cire tabaraunta tukuna. Ta cire. "Ni dai, Baba, da na ga fuskar na ji daɗi. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Kin ga fuska."

Ta mayar da tabaraun. Na san maganar ta yi mata zafi, na kuma san gaskiya ce, sai na bar ta a yadda take.

"A ɗaga hannu," in ji Lauya. "Wa ya ce Mai Ƙofa tana raye?"

Hannu huɗu suka tashi.

"Rinjaye ya tabbata. Saura mai ita ya buɗe baki. Bismilla."

Na dubi shayina, ya fara yin fata a sama. Na ce, "Tawa ta mutu a fim ɗin da ya wuce. Ta rufe daga ciki."

Sista ta miƙe. "Kamus, zo ka nuna mini inda ake wanke hannu."

Ta fi ni sanin wurin. Na bi ta zuwa lungun da famfon yake, kusa da tulin kujerun da suka karye. Ta buɗe ruwan ba ta sa hannu ba.

"Kai wane irin mutum ne?" ta ce, murya ƙasa. "Tun makon jiya Lauya ya ji raɗe-raɗin za a dawo da ita. Ka ga yadda muka yi murna? Ni da na tsufa ina addu'a a kan fim, saboda kai. An miƙo maka igiya, kana tambayar wa ya saƙa ta."

"Na gode da igiyar."

"Ka faɗi kalma huɗu ka sha shayinka. Wa zai kama ka? Wasa ne, Kamus. Mutanen roba ne a jikin bango."

"Idan na ce wannan ce ita, waccan da ta shiga ta rufe fa, wace ce? A ina zan ajiye ta?"

Ta rufe famfon. Ta daɗe tana kallon madubin da ke sama, wanda tsatsa ta cinye gefensa.

"To zaɓi wani. Ko tsohon mai littafi. Ko kifin Lauya, zai ba ka aro."

"A'a."

"To mu soke dokar. Mu huɗu mun isa."

"Dokar wa?"

Ta goge busassun hannuwanta da gefen mayafi.

"Ita ta sallami mutumin gidan waya," na ce. "Ta dawo gida ranar ba ta ci abinci ba, amma ba ta janye ba. Ba za a soke mata doka don a yi wa mijinta alfarma ba. Da tana nan da ita za ta buɗe mini ƙofar motar."

"Da tana nan da ta kwaɗa maka jaka a ka."

"Bayan ta sauke ni."

Sista ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta wuce ni ta koma tebur.

A hanyar gida babu wanda ya zagi kowa. Bakanike ya kunna rediyo, ya kashe. Lauya ya fara bayani a kan cewa doka takan karɓi fassara, Sista ta ce masa ya bari. Ina ta jira wani ya ce da Mai Labule ce, ko sau ɗaya, in ƙara a kan labarin da na samu da safe. Sun ɗauka ambatonta zai yi mini ciwo, sai suka yi shiru irin na maƙwabta.

A ƙofar gida na tura ƙofar motar da kafaɗa na fita.

"Baba, sai ka buga ta da ƙarfi," in ji Bakanike, kamar ban sani ba.

Na buga. Ta kama. Na tsaya har suka sha kwana.

Watanni suka wuce. Na karanta littattafan da na riga na karanta, na sami kurakuran da na riga na samu. Na wanke labulen falo na kasa mayar da shi yadda take yi, ninkin ya fito a karkace, na bar shi haka. Ɗana ya kira ya tambayi hawan jinina. Na ga hoton tallan sabon fim a jikin wata bas, matar mai makulli a ƙugu tana tsakiya, riƙe da takobi. Sun ba ta fim nata na kanta.

Ranar Asabar ɗin da ya fito, da hantsi, waya ta yi ƙara. Sista ce.

"Kamus, kana cin abinci?"

"Wani lokacin."

"Likitan haƙori ya shiga mota. Yana so ya ɗauki matar nan, sabuwar. Ya ce ba zai taɓa ta ba sai da izininka, wai kada ya zama rashin kunya."

"Ba tawa ba ce. Ya ɗauka."

"Haka na ce masa za ka ce." Na ji tana jan zif ɗin jaka. "Ka san abin da ya tuna mini jiya? Ranar da ƙawata Mai Labule ta je ya cire mata haƙori, ta hana shi farawa sai ya yarda labulen asibitinsa ya yi gajarta. Yana riƙe da allura, ita tana auna taga da tafin hannu."

Na jawo kujera na zauna. "Ba ta gaya mini ba. Sai aka yi yaya?"

"Ai labarin da tsawo. Ta sa shi ya hau kan tebur ya..." Daga can nesa na ji ham ɗin da na sani, sau biyu, sannan doguwa. "Ga su nan sun iso. Bakanike ba ya son jira, ka san halinsa. Zan kira ka."

"To. A kalla lafiya."

Ta ajiye. Na riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci, sannan na tashi na je na sake gwada ninkin labulen.